Hatimin Pyo Mal-sun

Shekara goma sha tara Pyo Mal-sun ta yi tana goge daɓen sashen zane-zane a wata jami'a a birnin Daegu, ba ta taɓa shiga sabgar kowa ba. Mijinta ya rasu da wuri, ta sayar da kifi har kasuwar ta mutu, sannan ta kama tsintsiya. Kamfanin shara ne ke ɗaukar masu sharar jami'ar aiki, kowace Disamba a sabunta wa mutum aiki ko a ce ya gaida gida.

Wurin hutunsu wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, ba taga, ba a iya miƙewa tsaye. Nan wata ɗaliba, Yeo Da-hye, ta same ta tana cin shinkafa da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, ta roƙi ta zana ta.

"Ke kuwa kin rasa abin zanawa ne, sai tsohuwa da bokiti?" in ji Mal-sun. Amma sau shida ta zauna mata, ranar ƙarshe har da jan-baki.

Zanen ya fi ƙofa girma. Aka rataye shi a baje kolin masu kammala karatu, daidai inda shugaban jami'a zai wuce da baƙi. Hoton mai shara a nan bai yi wa manya daɗi ba. Jami'ar da ke cika baki da 'yancin faɗin albarkacin baki ai ba za ta sauke zane da hannunta a yi mata dariya ba. Sai ga Manaja Bong na kamfanin sharar ya kawo wa Mal-sun takarda, wai ba da izininta aka zana ta ba.

"Yaya Pyo, buga hatiminki kawai. Disamba fa saura mako uku."

"Ni na ce ta zana."

"To, wa ya tambaye ki?"

Kwana biyu takardar ta yi a aljihunta. Tana son zanen nan har ranta. Rabon da wani ya tsaya ya dube ta haka tun ranar aurenta. Amma wa zai ɗauki mai shekara sittin da uku aiki? Ta buga hatimin, kunya kamar ta kashe ta.

Aka sauke zanen. Ba zane, ba kammala karatu, dole Da-hye ta maimaita shekara. Da yarinyar ta zage ta, ko ta ɗauke kai, da Mal-sun ta samu sauƙi. Ina! Kullum da safe sai ta tsaya ta rusuna.

"Inna, kin karya kuwa?"

An sabunta wa Mal-sun aikin. Ƙofar shiga ginin ɗaya ce, kuma ita ke goge ta ƙarfe takwas, lokacin da ɗalibai ke shigowa.