Gwangwanin da na ba Kawu Idi a Tagris

Tashi daga Dakoro

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar Dakoro a kat-kat, motar shiga yashi. Mu uku ne: ni, da Sale direba, da wani Ba'amurke mai aikin haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, muna ce masa Mushe Kebin. Faransanci yake ji, ba ya jin Hausa, shi ya sa kamfaninsu ya ɗauke ni tafinta. Za mu duba wurin da za a haƙa wa makiyaya rijiya a ƙasar Tagris, a daidai mashekarin kawuna, Kawu Idi, wan mahaifiyata. Shi ne liman ɗinsu a can.

A bakin gari jandarmomi suka tsayar da mu. Ɗaya ya duba takardunmu, ya leƙa bayan mota, ya ga akwatin ƙanƙara.

"Mi ke ciki?"

"Ruwa da lemo," in ji ni, alhali ban taɓa buɗe shi ba. So nake a ga ni ne na san komai na motar.

Hanya

Daga nan sai yashi da geza. Ƙarfe takwas muka tsaya wani ƙauye muka sha shayi da burodi, Sale ya rage iskar tayoyi. Sau biyu muka kafe, muka tura. Sha ɗaya da kwata muka hango raƙuma a gindin adduwa.

Mashekarin Kawu

Kawu ya tarbe mu da fura da nono a ƙwarya. Ya kalli rigata mai tambarin kamfani ya ce, "Haruna, ka zan babban mutum." Maganar ta yi mini daɗi fiye da kima.

Mushe Kebin da Sale suka tafi auna ƙasa can nesa, aikin ba ya bukatar magana, sai na zauna da Kawu. Rana ta take, zufa na bin gemunsa. Na tashi na buɗe akwatin ƙanƙara ba tare da na tambayi mai shi ba. Ƙarƙashin robobin ruwa na ga gwangwani biyu dogaye, masu launin ruwan goro, an zana musu lemun zaƙi da wani koren fure. Rubutun duk Ingilishi ne. Na ɗauko su, na ba Kawu ɗaya.

"Lemon Amurka ne, Kawu. Irin wanda muke sha wurin aiki."

Ya sa na juye masa a kofin silba. Kumfa ta taso fara, ta daɗe ba ta kwanta ba. Ruwan kansa ba garau ba ne, ya yi duhu-duhu kamar jiƙon tsamiya. Kawu ya shinshina.

"Ƙamshin mangwaro. Da kuma ɗanyar ciyawa, in an yi ruwan fari."

Na kurɓi nawa. Da farko ɗan zaƙi, kamar ɓawon lemo. Kafin in haɗiye, ɗaci ya kama mini harshe har maƙogwaro, irin na ganyen bedi, wato darbejiya. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari da na sani, wanda nake ji in na bi ta bayan wata mashaya a Maradi. Na juya gwangwanin. Ko ban iya Ingilishi ba, kalmar alkol mai nufin giya da lambar da ke gefenta ba su ɓuya mini ba.

Kawu ya riga ya yi bisimilla ya kurɓa sau ɗaya. Ina kallonsa ya sake kai kofin baki. Kalma ɗaya ta isa, amma na tuna na ce muna sha wurin aiki, na tuna ya ce na zama babban mutum. Na bar shi ya sha.

"Wanga ba lemo ba ne, magani ne," in ji shi, yana tauna baki. "Ɗacinsa mai kyau ne, bai kai maɗaci ba. Zai yi wa mai shawara amfani. Amma an ɓata shi da iska." Ya ƙara kurɓa ta uku.

Sai ga Mushe Kebin ya dawo ɗaukar wani abin awo. Ya ga gwangwanin, ya ga kofin, ya tsaya cak. Ya ce da ni da Faransanci, a hankali, giya ce, wani abokinsa ya kawo masa daga garinsu, ƙaramin gida ne ke dafa ta, furen da ke jikin gwangwanin shi ke ba ta ɗaci. Ya ce shi ya sa ya tura su ƙasan akwatin. Yana ta ba da haƙuri, kamar shi ya buɗe.

"Mi baƙo ya ce?" Kawu ya tambaya.

Aikina ke nan, fassara. Na fassara.

Kawu ya ajiye kofin. Ya zubar da sauran a yashi, ya rufe da ƙafa. Ya ɗauki buta ya kurkure baki sau da yawa. Sannan ya dube ni.

"Yaushe ka gane?"

Da na ce sai yanzu, babu mai ƙaryata ni. Na ce, "Tun kurɓar farko, Kawu."

Ya ajiye butar ya ce, "Ta farko ba ta kowa ba ce. Sauran biyun kai ka ba ni su."

Ya ce in gaya wa baƙo ba shi da laifi, kayansa ne a motarsa. Da azahar ta yi, ya ce wa wani dattijo ya ja salla, shi yau ba ya jin daɗin jikinsa. Babu wanda ya tambayi dalili. Na tsaya a ƙarshen sahu, ina jin ɗacin nan a maƙogwarona har na yi sallama.

Komowa

Ƙarfe uku muka yi haramar tashi. Kawu ya miƙo mini cuku a ƙulle cikin tsumma, ya ce na mahaifiyata ne.

"Ni ba ni faɗa mata. In ka iya, kai ka faɗa."

A hanya Sale ya yi ta zancen taya. Muka wuce shingen jandarma ana kiran magariba, suka sauke ni a ƙofar gida.

Inna na alwala a tsakar gida. Ta karɓi cukun, ta tambayi lafiyar wanta da ta dabbobi. Sannan ta ce, "To kai mi ka kai mashi?"

Na jawo tabarma na zauna, na ce ta fara yin salla tukuna, maganar tana da ɗan tsawo.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Sale, wanda bai taɓa tayar da zancen ba har yau. Kawu kuwa, da aka gama rijiyar ya aiko a ce in zo in sha ruwanta, kuma na je.