Kunnen Garbai Maƙeri

A Gure kowa ya san Garbai maƙeri, kuma kowa ya san fankamarsa a kan kunnensa. Shekara arba'in yana ƙera hauya da lauje da tsohon ƙarfen mota, bai taɓa sa ƙarfe a wuta ba sai ya rataye shi ya ƙwanƙwasa. Lafiyayye yakan ja amo mai tsawo. Mai tsaga a ciki kuwa, in ji Garbai, tari yake yi.

To, kunnen nan ne ya fara mutuwa. Garbai ya ɓoye, ya ci gaba da ƙwanƙwasa yana gyaɗa kai kamar yana ji, har ranar da wani manomi daga Gamu ya dawo masa da hauya biyu a karye, ko kwana uku ba su yi a gona ba. Kunya ta kama shi sosai. Ya ƙudura a ransa zai kashe wutar maƙera, bai gaya wa kowa ba.

Ana haka 'yarsa Hamsatu ta zo hutu daga Faransa. Ta taɓa ce masa a salula aikinta binciken ƙarfe ne, shi kuwa ya bi kasuwa yana shelar cewa 'yarsa na ƙira a ƙasar Turawa. Da ta ji, dariya har da hawaye. Ta zauna a bakin maƙera, tana ɗaga murya, ta yi masa bayani. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, a jikinsu akwai sinadarin da ke sarrafa iskar hidrojin, kuma a tsakiyar sinadarin akwai ɗan mitsitsin ƙarfe, shi ke yin aikin. Su a ɗakin bincikensu, daga yadda abin da ke maƙale da ƙarfen yake kaɗawa suke gane halin da yake ciki.

Garbai ya gyara zama. Ya tambaye ta da me suke bugun abu ƙanƙani haka, ta ce da haske. Ya tambayi wa ke saurara.

"Ba mai saurara, Baba. Na'ura ke zana shi, mu duba da ido."

Ya sa ta maimaita. Nan take Hamsatu ta gane abin da mahaifinta ke ɓoyewa, zuciyarta ta karye, amma ba ta nuna ba. Ta ciro salularta ta buɗe abin ɗaukar murya, ta ce na'urarsu daban ce, amma wannan ma tana zana amo. Ya buga wani guntun ƙarfe, zanen ya tashi ya mutu nan da nan. Ya buga wani, zanen ya miƙe yana sirancewa a hankali.

Zo ka ga tsoho! Ya kwaso duk tarkacen maƙerar yana bugawa, yana leƙa salula, yana dariya, yana ware na kirki gefe guda. Guntun farkon nan ya ɗora shi a uwar maƙera ya sara, sai ga tsaga baƙa ƙirin a cikinsa.

Ya daɗe yana kallon tsagar.

"Hamsatu, tun azumin bara ban ji ƙarfe ba," ya ce. "Ashe yana nan yana magana."

Ya share ido da bakin riga, ya jawo zugazugi ya hau hura wuta.