Kalmomi Biyu a Ƙofar Ɗakin Tiyata

Likitar ta zare safar hannunta, ta dube ni, ta ce da Turanci an gama aikin, saura a ga ko Baba zai "come round". Ta juya ta koma ciki. Umma ta damƙi mayafina.

"Me ta ce? Ke ce mai digiri, faɗa min."

Na san kalmar farko, na san ta biyun, amma da aka haɗa su sai kaina ya kulle.

Baba mai faci ne a bakin babban titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Da safiyar nan tayar babbar mota ta fashe yana ba ta iska, ƙarfen bakinta ya same shi a kai. Tun ina ƙarama na san shi tsugune gaban rabin duro mai baƙin ruwa. Ko direba ya rantse, ya nuna masa inda ƙusa ta shiga, sai Baba ya hura robar cikin tayar, ya nutsa ta a ruwa, yana juyawa a hankali har ya ga kumfa da idonsa.

"Ba na faci da zato," haka yake cewa. Direbobi suka raɗa masa Sai-Na-Gani.

Shi ke cika musu baki da ni: "Uwata ta fi masu Turancin jin Turanci." Ga shi yau ran da ake bukata, na tsaya kamar gunki.

Na ciro waya na nemi fassarar kalmomin. Ma'ana uku ta ba ni: kai ziyara, sauya ra'ayi, farfaɗowa. Ta ukun ce, na gane. To amma yaushe? Idan kuma bai farfaɗo ba fa?

Yaya ya raɗa min a kunne, "Ki ce mata da sauƙi kawai. Kin san hawan jininta."

Ashe Umma ta ji. "Kai, rufa min baki. Ke kuma kada ki yi min faci da zato. 'Yar wa ce ke?"

Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar, duk da ma'aikaciyar jinya na harara ta. Da likitar ta fito, na roƙe ta ta faɗa min dalla-dalla, kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce sun cire jinin da ya taru a kansa, amma bai buɗe ido ba. Yana iya farkawa yau, yana iya ɗaukar kwanaki, yana yiwuwa kuma ba zai farka ba.

Na dawo na durƙusa gaban Umma, na faɗa mata duka ukun, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora takalman Baba a cinya, suna ta warin roba, tana jan carbi.

Har yanzu muna kan benci a ƙofar ɗakin tiyatar. Baba bai farka ba, ba wanda ya sake fitowa.