Shekarar da Bauna Ya Zo Taro da Fuskarsa

Gaylen Thorsrud direban bas ɗin makaranta ne a wani ƙaramin gari arewa da Milwaukee, a jihar Wisconsin ta Amurka. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar hagu in yana tafiya, tun da wata saniya ta shure shi a gwiwa yana saurayi. A gonar shanun madara ta mahaifinsa ya tashi, kuma da son ransa ne da can zai tsufa. Sai kasuwar madara ta karye, tsohon ya sayar da garken ya koma gari. Gaylen ya nemi aikin da ba ya bukatar surutu, ya samu tuƙi.

I'ina ce ke damunsa tun yana ƙarami. Kalma takan tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, mutane kuma ba su da haƙurin jira, sai su ƙarasa masa, galibi da abin da ba shi yake nufi ba. Matarsa Noreen takan ce ita ta ƙarasa masa maganar neman aurenta, don ta ga abinci yana hucewa. Takan ƙara da cewa a cikin garke kam, in yana hira da shanu, harshensa sumul yake, ko tuntuɓe ba ya yi.

Ya haura arba'in lokacin da na san shi. Hutun bazara ne, ya karɓi aikin jigilar baƙin wani otal daga filin jirgi, otal ɗin da mu 'yan jela, masu sha'awar saka kayan shigar dabbobi, muke taronmu na shekara. Na shiga motarsa tare da Odette Broussard, tela ce 'yar Louisiana, bakinta ba ya hutawa. Ita shigar jar dila take yi. Ni kuwa a kantin magani nake aiki, bushiya ce dabbata, kuma kayana ba su wuce kunnuwa biyu da guntuwar jela ba. Odette ta ce rowa ce ta sa na zaɓi dabbar da jelarta ba ta kai yatsa ba.

A wata kwana motar ta yi tsalle, murfin akwatin Odette ya buɗe, kan dilar da take sawa ya gangaro ta tsakanin kujeru har wajen direba. Da muka tsaya, Gaylen ya ɗauke shi da hannu biyu, ya karkaɗe ƙura, ya shafa gashin ta inda ya kwanta.

"Direba, ka san gashi," in ji Odette. "Wasu sai su shafa shi a baibai, kamar masu neman faɗa."

Ya yi murmushi, ya leƙa cikin kan.

"Zafi kamar tanda," ta ce. "Ba ka gani sai ta 'yan ramukan idon nan. Amma daɗinta, kana shiga ka huta da magana. Dila ba ta magana. Kwana uku nake yi shiru, mijina ya ce shi ne hutunsa na shekara."

Gaylen ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. "B-ba a magana?"

"Sai wanda ya ga dama."

Washegari da ya tashi aiki muka gan shi tsaye a bakin ƙofar zauren otal, hularsa a hannu, yana kallon kuraye da damisoshi da zomaye suna kai da kawo. Odette ta jawo shi ciki.

Ta kwashe sanyin shekarar tana ɗinka masa kaya. Ta so ta yi masa saniya mai dabbare-dabbare irin na gidansu, ya ce a'a, abin zai taɓa masa zuciya, a yi bauna. Ranar da kayan suka iso ya saka su a falo, Noreen ta zagaya shi tana dubawa, ta ce, "To, gara wannan da gidan giya. Amma duk gashin da ya zuba a kujerata kai za ka share, maigida."

Ni na zama ɗan jagorarsa. Mai cikakkun kaya ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ganin gefensa, dole wani ya riƙe masa gwiwar hannu, ya kula masa da matakala, ya ja shi ɗakin cire kai ya sha ruwa gaban fanka kafin zafi ya kayar da shi. Shekara goma sha wani abu ina wannan aiki. Bauna ba ya rawa, ba ya tsalle-tsalle kamar karnuka. Tsayawa yake a tsakiyar zaure ya sunkuyar da ƙaton kansa, duk wanda ya zo ya shafa. In ya ga wani zaune shi kaɗai a lungu, sai ya je ya zauna kusa da shi, ba ya yin komai, zama kawai. Na sha ganin ƙarti sun jingina da kafaɗarsa suna share ido. Kowa a taron ya san Bauna, amma waɗanda suka san fuskar da ke ciki ba su da yawa, don ko a ɗakin cire kai bango yake fuskanta, tawul a ka.

Wata safiya cikin sanyi yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, ƙirjinsa ya riƙe. Noreen ta kai shi asibiti da wuri, aka sa masa ɗan bututu a jijiyar zuciya, ya tashi. Da likitar ta tambayi irin motsa jikin da yake yi, Noreen ta ciro waya ta nuna mata hoton Bauna. Likitar ta yi dariya, ta ce kyakkyawa ne, sannan ta ce kada ya sake shiga cikin kayan. Zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan zafin ba.

Da bazara ta zo ya aiko min saƙo cewa bana ba da shi ba. Ban kai ga ba shi amsa ba Noreen ta kira ni.

"Emmett, zo ka ɗauke min mutumin nan. Tun watan jiya yake zaman makoki a gareji, shi da akwatin kayan Bauna."

"Ya ce ba ya so."

"Ni na ce yana so. Na riga na haɗa masa jaka."

A hanya abu ɗaya ya roƙe ni, kada in faɗa wa kowa shi wane ne. Na ce to.

Ranar farko ta yi masa nauyi. Muna shiga zaure aka fara tare ni. Wani kerkeci ya dafa ni ya ce, "Bushiya, ina ka baro Bauna?" Na ce bai ji daɗi ba bana, amma da sauƙi. Kerkecin ya ce in gaishe shi, ya ratsa ta gefen Gaylen ya wuce, ko kallonsa bai yi ba. Haka aka yi ta yi. Wata ta kawo zanen Bauna da ta yi da hannunta, ta ba ni in kai masa gida. Gaylen yana tsaye a gefena cikin rigarsa mai gida-gida, kamar uban da ya rako 'yarsa. Daga baya ya samu kujera bayan wata tukunyar fure, ya wuni a can da kofin kofi.

Da safe muna cin fanke a wani shago kusa da otal, Odette ta dube shi ta dube ni. Mijinta Lucien ne ke mata jagora, amma ciwon baya ya hana shi zuwa, don haka an shirya ni zan riƙe ta a faretin rana.

"Bushiya, na sallame ka," ta ce.

"Me na yi?"

"Gajere ne kai, ba ka hango gaba. Bara a idona ka kai bawan Allahn nan ya yi karo da ginshiƙi. Bauna ne zai riƙe ni."

Gaylen ya ajiye cokali. "B-ba zan iya ba. Sai an y-yi m-m..."

Odette ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, duk da surutunta. Ta ci gaba da zuba zuma a fankenta har ya ce, "magana."

"Ka matsa min hannu in za a sauka, ka ja ni in za a tsaya. Shekara nawa ana yi maka? Dattijo, ci abincinka."

Da rana aka jeru. Faretin yakan fito daga babban zaure, ya sauka matakala, ya zaga ta titin gaban otal inda mutanen gari ke tsayawa da 'ya'yansu, ya dawo. Ina bayansu da gorunan ruwa. Da farko yana yi mata da hannu kawai, kamar yadda ta ce. Da muka doshi matakala sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa, a natse.

"Sannu a hankali, yarinya. Ga mataki nan gabanki. Sauka. Yauwa. Wani kuma. Haka nake so. Matsa hagu kaɗan, wata kyanwa ta baza jela a hanya, kada ki taka mata, kin san halinsu."

Na waiga in ga mai maganar. Babu kowa sai shi. Yana riƙe da hannunta, idonsa a kan jar fuskar dilar, magana tana zuba kamar an kunce famfo. Ya gaya mata akwai yara a dama, ta ɗaga musu hannu. Ya ce rana ta yi zafi, su bi inuwar gini. Har tsegumi ya yi mata, wai wani damisa ya saka ƙafafunsa a juye. Na ga kafaɗun dilar suna rawa don dariya. Na ɗan ja baya, ina tsoron kada in tsinka abin.

A ɗakin cire kai Odette ta tuɓe kan, gashinta ya jiƙe sharkaf, ta tsaya gaban fanka tana haki.

"Wane ne ya cika min kunne tun daga matakala?" ta ce.

Gaylen ya miƙa mata ruwa. Ya dubi fuskarta ta mutane, sai kalmar ta maƙale. "K-k-kin cire kan," ya ce.

Ta kalle shi, sannan ta gane. "Au, wato saniya ka mai da ni? Ni Odette? Emmett, kana ji, yarinya fa ya ce min, yadda ake lallaɓa karsana."

"K-karsana ta fi ki jin magana."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Shi ma ya yi, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin asibiti.

Muna fitowa wata ma'aikaciyar otal ta sha gabanmu. Yolanda ce, mai kula da zaure, ta daɗe a wurin. Duk shekara takan ɗauki hoto da Bauna ta kai wa mahaifiyarta a gidan tsofaffi. Ba ni ta kalla ba, ƙafarsa take kallo.

"Yi tafiya in gani," ta ce masa.

Ya yi taku kaɗan ya tsaya.

"Kai ne. Tun kuna fareti nake cewa na san tafiyar nan. Ni duk zatona ɗingishin na wasa ne, don ka yi kama da tsohon bauna."

"S-saniya ce," ya ce, yana nuna gwiwa.

"To, zo nan. Mama tana jira, ba zan koma mata hannu rabbana ba."

Ya ce ai babu kayan. Ta ce Mama ta daɗe tana tambaya wane ne a ciki, yau za ta huta. Ta miƙo min waya na ɗauke su, ya sunkuyar da kai yadda ya saba, ta ɗora hannu a furfurarsa. Kafin yamma labari ya zaga, don Yolanda ba ta iya riƙe magana ba. Kerkecin jiya ya zo ya tsaya gabansa ya rufe ido da tafukansa don kunya. Mai zanen ta karɓe abinta daga jakata ta ba shi da hannunta. Wasu sun yi masa magana ya amsa da ƙyar, wasu sun zauna kusa da shi kawai.

I'inar ba ta tafi ba. Har yau in ya je banki ko asibiti yana shan fama, kuma har yau ana ƙarasa masa. Bara ya yi ritaya daga tuƙi. A taro kuwa ya zama ɗan jagorar waɗanda suka zo su kaɗai ba mai riƙe su, kuma tun kafin a buɗe ƙofa ake layin nemansa. Ni an bar ni da ɗaukar ruwa.

Bana Odette ta ɗinka masa falmaran mai aljifai da yawa, na gora da buroshi da allura da zare, ta zaɓi ruwan lemo mai haske don a hango shi daga nesa. Ya gwada ta a gida, Noreen ta dube shi ta ce, "Maigida, wannan launin fa na rigar mafarautan nan ne. Da ita za ka shiga cikin masu shigar barewa ɗari?" Aka mayar wa Odette. Ta yi mita har ta gaji, ta ce mutanen Wisconsin ba su san kwalliya ba, sannan ta sake ɗinka wata koriya.