Neman ruwa a tsakiyar kogin Kwara

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Yau na rasa ruwan alwala a tsakiyar kogi.

Mu shida muka zo daga Abuja, muka hau kwalekwale don mu kewaya Lakwaja. Muna ta kallon jirage da rumfunan bakin ruwa har la'asar ta kusa ƙwace mini. Na janyo butar da na ciko tun daga masauki. Kwalekwale ya girgiza, ta tuntsire, ko ɗigo bai rage ba.

Na ce, "Inna lillahi! Sarkin jirgi, kai mu gaɓa in sami ƙasar taimama."

Matuƙin, wani tsohon Banufe, ya daina tuƙi, ya dube ni. "Malam, wannan da muke kansa, kunu ne?"

Kowa ya fashe da dariya. Na tsoma hannu, na yi bisimilla.