Ciwon Suga Ya Sauke Ni Daga Mota

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu na tambaya a tasha ko ina raye. Ina nan.

Direba ne ni, Isa zuwa Sakkwato. Da ƙishirwa abin ya faro, sai fitsari. Nakan tsaya a hanya in zaga, fasinjoji na gunaguni, don hanyarmu ba ta son tsayawa saboda ’yan bindiga. Na rame. Da idona ya fara hazo, maigidana ya karɓe makulli.

Lokacin iyalina ba sa nan. Tun da ’yan bindiga suka matsa wa garinmu Tsamaye na kai su wurin dangi a Nijar, na kama ɗaki a Isa.

A ɗakin na faɗi. Maƙwabcina ya kai ni asibiti, suka turo ni Sakkwato.

Aka soki yatsana, aka ɗebi jini, aka ce suga ne, ya hau ƙwarai.

Ban yi mamaki ba. Shi ya kashe yayana Mudi, bayan an yanke masa ƙafa.

Kowane gado na da mai jinya ban da nawa. In aka kawo wa na kusa da ni abinci, sai in juya bango. Matata Hadiza ta kira tana kuka, ta ce za ta taho. Na hana ta saboda hanya. Da na kashe waya na yi nawa kukan.

Wata safiya na tambayi likita shekara nawa suka rage mini.

Ta ja kujera ta zauna. Ta tambayi yadda Mudi ya yi jinya. Na ce jiƙe-jiƙe ya yi ta sha, bai zo asibiti ba sai da ƙafar ta ruɓe.

Ta ce, “Malam Sani, kwana na Allah ne. Amma ina da masu wanga ciwo da sun ga jikokinsu. Kai ka zo da ƙafarka biyu.”

Na koma Isa da allurar suga, wadda ba ta son zafi. Babu wuta, sai in ƙulle ta a leda in ajiye gindin randa. Na bar zuwa wurin mai shayi, don in na ce ban da suga sai a riƙa kallona. Tuwo kaɗan, ganye da yawa, ni kaɗai. Maganin ya cinye akuyoyina.

Sannu a hankali hazon ya washe. Likita ta duba idon, ta ce in koma aiki. Hadiza na can har yanzu. In damina ta wuce za ni in gan su.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa maƙwabcina da likitar nan.

In ƙishirwa da fitsari sun dame ka, je a auna ka. Kada ka bar magani don ka ji sauƙi, kuma ka riƙa duba ƙafarka kullum.

In kuma kun san wani na kwance, ku je. Ko ba ku da abin kaiwa, ku zauna kusa da shi.