Ina Raye Ana Raba Gadona

Da safe na iske ɗana Nura a bakin turke yana nuna tumakina da yatsa.

"Kai, me kake yi?"

"Lissafi, Baba. In ka rasu, Umma sumuni gare ta, tumaki biyu ke nan. Ni babban ragon nan zan ɗauka."

Malamin lissafinsu aka canza wa makaranta, ba a kawo wani ba, ga jarrabawa ta matso. Shi ne nake koya masa su rabi da sulusi da rabon gado, yadda muka koya a zaure.

Na ƙirga tumakin, sha shida ne, wallahi bai kuskure ba.

Jama'a, tukuici zan ba shi, ko in kai ragon kasuwar Mai'adua tun ina numfashi?